Farar Ƙwaya a Kunun Inna Asabe

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Durbi, in dai an taɓa aikensa da kwano da sassafe, ya san gidan Malam Sada baduku. Ba takalman Malam Sada ake bi ba, Allah Ya jiƙansa, ɗinkinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Kunun tsamiyar matarsa ne ke tara mutane a zaure. Inna Asabe ke nan, doguwar mace siririya, wadda za ka daɗe kana sayen kunu a hannunta ba ka ji ta haɗa magana mai tsawo ba. In ka gaishe ta, ta amsa. In ka tsaya surutu, ta miƙo maka kwanonka ta dubi na bayanka.

A wajen Kambarawa aka haife ta. Ubanta Baƙo Bafillace ne da ya gaji da bin shanu daji-daji, ya kafa gida ya haɗa kiwo da noma. Shanun kuwa fari ya cinye su daga baya, ko maraƙi ba a bar wa Asabe ba. Abin da ta kwaso daga gidan nan kunya ce, kuma ta kwaso da yawa, har ta fi ƙarfin zaman birni.

Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗauke shi. Matan birni da yawa sama-sama suke yi, a gaban surukai kawai, da an ba da baya su rungume abinsu. Asabe kuwa da gaske ta ɗauki abin. Da ta haifi ɗanta na fari aka sa masa Salahuddeen, ko sau ɗaya ba a ji sunan nan a bakinta ba. Ana yaye shi, Jummai yayar Malam Sada ta zo daga Ƙofar Marusa ta goya shi ta tafi da shi, kamar yadda aka saba. Asabe na daka a tsakar gida sanda aka fita da shi, ba ta ɗaga kai ba, sai dai ta yi ta dakan har abin da ake so tsaki ya zama gari. Tun daga nan in za ta ambace shi sai ta ce ɗan Jummai. 'Yan matan da ta haifa a bayansa kuwa ta kira sunansu, ta yi musu kitso, ta zane su in sun yi laifi, ta aurar da su, duk ba kunya.

Yaro na gab da gama firamare ciwo ya same shi. Yana tsugune yana alwala sai ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, idanu suka juye, kumfa na fita a baki. Farfaɗiya. To, mutanenmu, Allah Ya shirye mu, ba su ɗauki farfaɗiya ciwo kamar sauran ciwo ba. Wai in yawun mai ita ya taɓa ka, ka ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, ba a ɗaukarta, amma je ka faɗa musu! Yaro na birgima a ƙasa, manya da gemunsu sai su ja da baya su kewaye shi suna kallo. Ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, in ya girma ba mai ba shi 'ya. Jummai ta san haka sarai, ga shi gidan mijinta gidan yawa ne, ido ko'ina. Da ya sake faɗuwa sai ta lulluɓe shi da mayafi ta maido shi gidan ubansa tana kuka.

Malam Sada ya rufe ƙofar ɗaki da matan biyu, ya ce maganar nan ta mutu a nan, ko ƙannen yaron kada su ji. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa sassaƙe iri-iri, ciwo na nan. A ƙarshe ya ɗauki ɗansa suka tafi Kano, inda ba wanda ya san su. Wani likita ya duba yaron ya rubuta masa wata farar ƙwaya, ya ce safe da yamma, kullum, kada a fasa, kada kuma a daina don an ga sauƙi. Cikin ikon Allah faɗuwar ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

To ina za a ajiye magani a gidan da yara ke shiga ko'ina? Asabe ta karɓi fallayen maganin, ta sa a wata 'yar tasa ta tura ƙarƙashin jeren kwanoninta na aure. Da safe yaro zai zo gaishe ta, ya ɗaga asabari ya durƙusa daga bakin ƙofa. Zai tarar da ƙoƙon kunu a kan faifai, ƙwaya ɗaya a gefensa, uwar kuma ta juya baya tana gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya."

Hirar ke nan. Ya haɗiye, ya kora da kunu, ya tashi. Da yamma a maimaita. Allah Sarki! Ciwon da kowa ke gudu shi ya dawo mata da ɗanta, kuma a duk faɗin duniya wannan ɗan zaman ne kaɗai rabonta da shi. Tana jin haɗiyarsa ta bayanta. Daga yadda ya ajiye ƙoƙo tana gane ko ya kwana lafiya ko wani abu na damunsa.

Ya girma ya koyi ɗinki, ya buɗe shago, ya zama tela na kirki, hannunsa ya fi na ubansa nesa ba kusa ba. Duk sanda ya je Kano sayen yadi sai ya biya ya ga likitansa, ya karɓo magani, ya shigo da shi cikin ƙunshin yadi ya ajiye a bakin ƙofarta. Malam Sada ya rasu, Jummai ta bi shi, asiri ya rage tsakanin uwa da ɗa, mutum biyu da ba sa kallon juna. Da Salahuddeen ya nemi auren Zuwaira, 'yar Alhaji Mamman mai hatsi, aka yi bincike kamar yadda aka saba, ba a ji komai ba sai alheri. Ya kamata a faɗa wa mutanen nan gaskiya, wannan ba ja. Asabe ta kwana da abin ta tashi da shi, ta tuna masu gemun nan da ke ja da baya, ta ja bakinta ta tsuke. Aka kawo amarya sashen da aka gyara a cikin gidan. Zuwaira yarinya ce mai hankali, ta yi sakandare, kuma abin yana burge ta yadda mijinta ba ya fasa gaida uwarsa safe da yamma.

A haka aka shiga shekarar da soja suka ce za su koma bariki, alif ɗari tara da casa'in da tara. An yi zaɓe, ana jiran rantsar da farar hula a ƙarshen watan Mayu. Teloli suka ga aiki. Kowane ɗan siyasa na son babbar riga, matansu na son anko, 'yan korensu ma sai an yi musu kaftani iri ɗaya. Salahuddeen ya duƙufa a kan keken ɗinki ba ci ba hutu. Ruwan farko ya kama shi a hanya ya jiƙe sharkaf, ko a jikinsa. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo baya, har ta kai in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙari. Ranar da ya kasa miƙewa daga kan keke, surukinsa Alhaji Mamman ya zo da mota da kansa ya kai shi asibiti, Zuwaira na riƙe da shi a kujerar baya.

Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ciwon huhu ne, ƙwayoyin cuta ne suka kama shi, kuma akwai magani. Ya tambaya ko da maganin da jikinsa ba ya so. Wannan ba abin kunya ba ne, duk dangi sun sani, yana ƙarami an taɓa yi masa allurar fenisilin jikinsa ya kumbura ya feso da ƙuraje. Likita ya ce to ba za a kusanci wannan ba, akwai wanda ake ba irinsu, eritromaisin, wata jar ƙwaya. Sannan ya ɗaga kai ya yi tambaya ta biyu.

"Akwai wani magani da kake sha yanzu? Na asibiti, ko na kemis, ko na gargajiya?"

Alhaji Mamman na tsaye a kansa, Zuwaira na gefe riƙe da hularsa. Salahuddeen ya dubi ƙasa ya ce babu.

Da suka dawo, Zuwaira ta zo ɗakin surukarta ta durƙusa ta zayyana mata abin da aka ce, don ta san Inna ba za ta tambaya ba ko za ta mutu.

"Inna, sun ce a ba shi kan lokaci, kafin ya ci abinci. Ko ya ji sauƙi sai ya shanye duka, in aka tsaya a tsakiya ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Kada kuma a ɗibar ma kowa, ko da tarin mutum iri ɗaya ne da nashi. Wai yana iya ɗan murɗa mashi ciki, amma in an ga ƙuraje, ko idonshi ya yi ɗorawa, ko gudawa mai tsanani, a maida shi maza." Ta ɗan tsaya. "Sun kuma ce kada a haɗa mashi da wani magani sai an tambaye su."

Asabe na tankaɗe, hannunta bai tsaya ba. Nan ne fa ya kamata ta buɗe baki. Amma a zuciyarta farar ƙwayar nan ba wani magani ba ce, ta zama kamar gishirin miya, shekara da shekaru yana sha ba ta taɓa yi masa komai ba sai alheri. In ma za ta yi magana, ta ina za ta fara? Ta ce, "Allah Ya sawwaƙe," ta ci gaba da tankaɗenta.

Sai dai ga matsala. Mara lafiya ba ya iya tasowa gaisuwa, ita kuma ba ta taɓa taka sashen ɗan fari ba, likitan Kano kuwa ya ce kada a fasa. Sai ta murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ta kaɗa a ƙoƙon kunu, ta kira Zuwaira.

"Kai ma ɗan Jummai. Ki ce ya shanye, kada ya rage."

Salahuddeen na kurɓa ya gane, ya shanye. Zuwaira na ba shi ja a kan lokaci, ba ta taɓa kuskurewa ba, Inna na aiko da fara a cikin kunu, kowacce da zuciya ɗaya take yi.

Da farko abin ya yi kyau. Zazzaɓi ya sauka, tari ya yi laushi, har ya fara tambayar rigunan mutane da ke jibge a shago. Sai kuma wani abu dabam ya ɓullo. Ya ce jiri yake ji. Ya ce Zuwaira ta zama biyu a idonsa. Harshensa ya yi nauyi, abin da ya ci ya dawo. Zuwaira ta ɗauka murɗar cikin da aka faɗa ce ta haɗu da raunin jinya. Wani hantsi Asabe na leƙe ta bayan asabari ta ga ya fito zai zaga, yana tangaɗi yana dafa bango, ƙwayar idonsa na rawa. Ta tuna yaron da aka maido mata lulluɓe da mayafi. Ta ce a ranta tsohon ciwo ne ke shirin tashi, zazzaɓi ya taso shi, kuma zai faɗi a tsakar gida a gaban 'yar mutane da masu zuwa dubiya, abin da aka daɗe ana binnewa ya tonu a yini ɗaya.

Ta shiga ɗaki ta jawo tasa. Maimakon ɗaya ta murƙushe biyu. Da azahar ta sake dama wani kunun, abin da ba ta saba ba, ta ƙara. Kaico! Da hannunta, hannun da bai taɓa shafa kansa a gaban mutane ba, take ƙara masa abin da ke kayar da shi, tana yi tana addu'a.

Ranar rantsarwa gari ya tashi da kiɗa. Rediyo a kowane zaure, motoci na ta danna hon, 'yan kabu-kabu na wasa da babura. A cikin wannan hayaniya Asabe ta ji ihun Zuwaira. An yi ta tashinsa ya ƙi tashi. Yana numfashi, amma in an ɗaga hannunsa sai ya faɗi yaraf. Aka aika wa Alhaji Mamman, maƙwabta da dangi suka cicciɓe shi zuwa mota. Ba wanda ya ce wa Asabe ta zo, don kowa ya san ba za ta zo ba. Ta tsaya a tsakar gida har ƙarar mota ta ɓace. Sannan ta koma ɗaki ta juye tasar nan a gefen mayafinta ta ƙulle, wai kada lokacin na yamma ya yi magani na gida shi yana can. Ta bar tukunya a kan murhu ta fita a ƙafa, ta ratsa taron masu sababbin riguna, wasunsu ɗinkin ɗanta ne, ba ta ga kowa ba.

A asibiti ta samu gindin wani ginshiƙi a baranda ta raɓe, inda take hango gadon ta taga. An sa masa ruwa. Aka yi sa'a likitan ranar farko ne ke aiki. Ya buɗe idon mara lafiya ya haska, ya kira shi, ya mintsine shi a hannu, sai ɗan nishi kawai. Ya juya wajen Zuwaira.

"Yaya kike ba shi maganin?"

"Yadda aka ce, likita. Wallahi yadda aka ce." Ta miƙa masa sauran.

Ya duba ya ga daidai ne. "Wannan shi kaɗai ba ya yin haka. Huhun ma ya yi sauƙi. Akwai abin da ya shiga jikin mutumin nan bayan wannan. In ban san ko mene ne ba lalube zan yi ta yi, shi kuwa ba shi da lokacin lalube."

Dangin Malam Sada da suka biyo mota suka fara kallon Zuwaira ta wutsiyar ido. Wata daga cikinsu ta ce, ƙasa-ƙasa amma don a ji, ai ba mai ba shi ci da sha sai matarsa. Alhaji Mamman ya dubi 'yarsa.

"Zuwaira, ki ji tsoron Allah. Mi kika ba shi?"

Yarinya ta zube a ƙasa tana rantsuwa tana kuka.

Asabe ta ji duka. Sai a lokacin maganar Zuwaira ta ranar farko ta dawo mata, kada a haɗa da wani magani. Ƙullin da ke gefen mayafinta ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. In ta yi shiru asirin Malam Sada na nan a rufe, sai dai a binne shi tare da ɗansa, a bar 'yar mutane da tabon da ba ya wankuwa. Ta saki ginshiƙin ta shiga.

Dangi suka dare suna kallonta baki buɗe. Likita ya ce, "Inna, ke wace ce tasa?"

Amsar da ta saba na nan a kan harshenta, ɗan Jummai ne. Ta haɗiye ta.

"Ni na haife shi."

Ta kwance ƙullin, fallayen farar ƙwaya suka zube a kan zanin gado.

"Farfaɗiya gare shi tun yana yaro. Wannan yake sha, safe da marece. Ni ke sa mashi cikin kunu. Ɗiyar nan ba ta san komi ba, ku ƙyale ta."

Da ƙarfi ta faɗi sunan ciwon, kowa ya ji. Abin da ta daɗe tana tsoro kuwa ta gan shi da idonta. Mata biyu suka ja da baya daga bakin gado, Alhaji Mamman ya saki ƙarfen da yake dafe da shi ya goge tafinsa a riga. Tir da wannan hali! Mutumin da suka gama cicciɓa da hannunsu ne fa, yanzu ya zama abin gudu.

Likita ya ɗauki falle ɗaya ya karanta bayansa, ya ce kabamazafin ce. Ya tambaye ta yadda take sawa, ta faɗa. Ya ce kwanan nan fa? Ta faɗa, har da ƙarin da ta yi da na azahar. Bai yi mata tsawa ba, da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Inna, farar nan magani ce mai kyau, jar ma haka. Amma ba a haɗa su haka nan. Hanta ce ke fitar da farar daga jiki, ita kuwa jar sai ta riƙe wa hanta hannu, farar ta yi ta taruwa a jini har ta zama guba. Jirin da kika gani da tangaɗin, maganin ne ya yi masa yawa. Da an faɗa mini ranar farko, da wani na rubuta."

"Ni na ƙara mashi," in ji Asabe, ba da kowa take ba.

"Kin kuma zo kin faɗa. Yanzu na san abin da nake yi."

Nan take ya ce a tsayar da jar. Farar ma a dakata har jikinsa ya rage abin da ya tara, sannan a maido ta a hankali suna lura, don yanke ta gaba ɗaya shi ma haɗari ne. Ya rubuta wani maganin huhun da ba ya faɗa da ita. Ya juya ga masu ja da baya ya ce farfaɗiya ba a ɗaukarta, wanda ba zai taimaka ba ya fita ya ba mara lafiya iska. Sannan ya ce a riƙa kiransa a ga ko zai amsa, muryar da ya sani ta fi ta baƙo.

Aka dubi Zuwaira. Mace ba ta kama sunan mijinta, balle a gaban dangi. Ta buɗe baki ta ce, "Malam," kuka ya ci ƙarfinta. Alhaji Mamman ya riga ya fita baranda. Asabe ta matsa kusa. Rabonta da ganin fuskar nan kusa haka tun yana shan nono. Ashe yana da tabo a gira, ba ta ma san ranar da ya same shi ba. Ta ɗora hannu a goshinsa. Bakinta bai san yadda ake juya sunan ba.

"Salahuddeen."

Ta sake kira.

"Salahuddeen. Ni ce. Tashi."

Bai tashi ba. Fatar idonsa ce kawai ta motsa, ko kuwa ita ce ta ga haka. Ta zauna a ƙasa gefen gadon ta yi ta kira har aka yi la'asar, a waje ana ta kiɗan sabuwar gwamnati.

Allah Ya yi da sauran kwana a gaba. Sai da aka kwana aka yini sannan ya buɗe ido, a hankali harshe ya saki, mutum biyu suka koma ɗaya. Ya shanye sabon maganin huhun har ƙwayar ƙarshe, Zuwaira na tsaye a kansa. Magana kuwa ta zaga unguwa tun kafin a sallame shi. Wasu suka kwashe ɗinkinsu daga shago, wasu suka daina aiko da kwano wajen Inna Asabe, wai kunun gidan masu farfaɗiya. Alhaji Mamman ya yi fushi, kuma yana da gaskiyarsa, an ɓoye masa abin da ya kamata ya sani. Ya aiko a ce wa Zuwaira ta zo gida ta huta. Ta aika masa da gaisuwa, ta ce tana jinya. An daɗe kafin ya sake taka gidan.

Masu kunu dai yawancinsu sun dawo daga baya, don ba su samu irinsa a wani wuri ba. Sun tarar da Inna Asabe yadda suka bar ta, sai abu ɗaya. In ta ji wani ya ce za a kai wane asibiti, sai ta riƙe kwanonsa ta ƙi saki.

"Ku tahi da duk abin da yake sha ku nuna masu. Kada ku ji kunyar kowa."

Wannan ce maganarta mafi tsawo, kuma ba ta gajiya da maimaita ta.

Amma wannan daga baya ne. Ranar da aka dawo da shi gida, Zuwaira ta zo ɗakin Inna ta durƙusa. Ta ce likita ya ce magungunansa duka su zauna a hannu ɗaya. Asabe ta jawo tasar daga ƙarƙashin jere, ta goge ta da gefen zane, ta miƙa mata. Gaskiya ce, ta sani. Amma da yarinyar ta fita sai ta zauna tana kallon gurbin da tasar ta bari a ƙasa, baƙin ciki ya cika mata ciki. Yanzu me zai kawo shi? Gaisuwa ko daga tsakar gida ana yi.

Da gari ya waye ta sallami 'yan kwanonin da suka zo ta koma ɗaki. Hannu ya riga ya saba, ta zuba kunu a ƙoƙo ta ɗora a faifai, ba komai a gefensa, ta juya baya. Sai ta ji takun mutum a hankali yana jan ƙafa, ta ji an ɗaga asabari an durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya."

Ya ɗauki ƙoƙon. Ba ƙwayar da zai kora, amma ya sha a hankali har ya kai ƙasa. Bai tashi ba.

"Na ji ki ranar nan. Na yi ta so in amsa, bakina ya ƙi." Ya ajiye ƙoƙon a kan faifai. "Na'am, Inna."

Asabe ta ci gaba da goge kwanon da ta riga ta goge, hawaye na sauka a kansa tana gogewa. Ba ta juyo ba, kuma har ta koma ga Allah ba a sake jin sunan nan a bakinta ba. Da ta tabbata muryarta ba za ta ba ta kunya ba, sai ta ce, "Da saura cikin tukunya."

Ta miƙa hannu ta baya, ya sa mata ƙoƙon a ciki.